Mai gidanmu ya ƙara haya fam 180, ya ce laifin 'yan siyasa ne: gaskiya ya faɗa ko fakewa yake?

Ummu_Hanan_Coventry:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min da bayani. Shekara uku ke nan muna haya a wani gida mai ɗaki biyu a nan Coventry. Ni ina aikin kula da tsofaffi, Baban Hanan kuma yana aikin dare a wani sito. Shekaranjiya wasiƙa ta zo, wai daga wata mai zuwa haya ta tashi daga fam 920 zuwa 1,100. Na kira mai gidan, mutum ne mai sauƙin kai, ba mu taɓa samun saɓani da shi ba. Ya ce wallahi ba son ransa ba ne, wa'adin bashin da ya sayi gidan da shi ne ya ƙare, banki ya sabunta masa da kuɗin ruwa mai tsada, ga haraji da gwamnati ta ɗora musu. Har ya ambaci sunan tsohuwar Firaminista Liz Truss. To ni abin da ya ɗaure min kai, matar nan ta sauka tun 2022, ta yaya za a ce ita ce sanadin ƙarin hayata yanzu? Ga kuɗin gas, sanyi ya shigo, awa biyu da safe awa biyu da dare muke kunna hita, bangon ɗakin yara har ya fara fumfuna ta bayan kabad. Shin da gaske abin da suke yi a majalisa a Landan ne yake biyo mu har cikin ɗaki, ko kowa dai ya samu inda zai fake ne?

Bakatsine_Leeds:
Wa alaikumus salam. Fakewa yake, Hajiya. Nawa ma haka ya ce min bara, daga baya na gano babu ko sisin bashi a kan gidan, gado ya ci. Sun ga makwabta sun ƙara ne kawai.

Akanta_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, naka daban, amma kada mu yi wa kowa kuɗin goro. Ummu Hanan, bari in yi miki lissafin yadda abin yake, tunda aikina ke nan.

A ƙasar nan yawancin masu cin bashin gida suna ɗaure kuɗin ruwa na shekara biyu ko biyar. Idan wa'adin ya cika, sai a koma kan farashin da ake ciki a ranar. Daga farkon korona har zuwa Disambar 2021, kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila 0.1 cikin 100 ne, wato kusan kyauta. Daga nan suka yi ta ƙari sau 14 a jere, har ya kai 5.25 a Agustan 2023. Sun fara saukowa a Agustan 2024, a Agustan 2025 ya dawo 4. To ki ɗauka mai gidanku ya ɗaure na shekara biyar a ƙarshen 2020. Duk guguwar nan ta wuce ta kansa bai ji komai ba, sai yanzu da wa'adinsa ya cika ta same shi.

Masu sayen gida don su ba da haya galibi ruwan kawai suke biya duk wata, uwar kuɗin tana nan. A ce bashin fam 150,000 ne. A kan 2 cikin 100, fam 250 ne a wata. A kan 5 cikin 100, fam 625 ne. Kin ga bambancin fam 375, ya ɗora miki 180. Ban ce haka nasa yake ba, ban ga takardunsa ba, amma maganar tasa tana iya zama gaskiya.

Harajin da ya ambata shi ma akwai shi. Tsohon ministan kuɗi George Osborne ne ya kawo dokar da ta hana masu gidajen haya cire duka kuɗin ruwa daga ribar da za a yi wa haraji, aka shigo da ita a hankali daga 2017 zuwa 2020. Lokacin da ruwa yake ƙasa ba su ji zafinta ba.

Ummu_Hanan_Coventry:
Allah ya saka da alheri, Malam Akanta. To ina Liz Truss ta shigo a ciki?

Akanta_Zazzau:
Ranar 23 ga Satumbar 2022 ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya tashi a majalisa ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45, bai faɗi inda za a samo kuɗin cike giɓin ba, kuma bai bari hukumar da ke tantance kasafin kuɗi ta fitar da hasashenta ba. Masu ba gwamnati bashi suka tsorata. Cikin kwana uku fam ya faɗi zuwa wajen dala 1.03, abin da ba a taɓa gani ba. Asusun fansho suka kusa durƙushewa, sai da Babban Banki ya shigo ranar 28 ga wata yana sayen takardun bashin gwamnati. Bankuna suka janye ɗaruruwan tayin bashin gida cikin mako guda, da suka dawo da su na shekara biyu ya haura 6 cikin 100. Ina ofis a makon nan, wani abokin aiki da ke dab da sa hannu a takardar sayen gida aka kira shi aka ce tayin ya tashi. Ya zauna ya dafe kai, ya fi minti goma bai ce uffan ba.

DanZongo_Peckham:
Ni fa ina ganin an cika ɗora wa Truss da Kwarteng laifi. Ba don iyayensa 'yan Ghana ne nake kare shi ba, abin da ya yi ganganci ne. Amma a shekarar nan Amurka ma ta ƙara kuɗin ruwa, Turai ma ta ƙara, kuma ba su da Truss. Hauhawar farashi ta kai 11.1 cikin 100 a Oktoban 2022, ko wa ke kan mulki dole banki ya ƙara. Sabon ministan kuɗi Jeremy Hunt ya zo ya soke kusan duk abin da suka sanar cikin 'yan kwanaki. Kuma kuɗin bashin gida ya sake hawa a tsakiyar 2023 lokacin Rishi Sunak, har ya wuce na lokacinta. Wannan kuma wa za a ce?

Akanta_Zazzau:
Na yarda da rabin maganarka, ɗan uwa. Wutar tana ci tun kafin ta zo, ita fetur ta watsa. Amma akwai abin da ta bari wanda bai tafi ba: tun daga ranar duk ministan kuɗi a ƙasar nan yana tsoron kasuwar bashi kamar maciji. Dubi Rachel Reeves da ta hau kujerar a 2024, duk abin da za ta yi sai ta waiwaya ta ga yadda masu ba da bashi za su karɓe shi.

Hajjo_Bradford:
Truss ɗin kwana 45 fa kawai ta yi.

Bakano_Luton:
Anti Hajjo, 49 ne. Ta hau 6 ga Satumba, ta sanar da murabus 20 ga Oktoba, ta miƙa wa Sunak 25 ga wata. Masu cewa 45 zuwa ranar sanarwar suke ƙirgawa.

Injiniya_Aberdeen:
Ku bar ni in taɓa maganar gas, don ita ce ta fi ci min rai, kuma a cikinta nake cin abinci.

Mafi yawan gidajen ƙasar nan da gas ake ɗumama su, kuma gidajen tsofaffi ne, zafi na fita ta bango da taga kamar an zuba ruwa a kwando. Sannan farashin lantarki ma gas ne ke yanke shi a mafi yawan lokuta, domin tsarin kasuwar shi ne tashar da ta fi tsada cikin waɗanda aka kunna ita ke sa farashin kowa. Ko da iska ce ta ba da rabin wutar ranar, kuɗin gas za ka biya.

Yanzu ga inda siyasa ta shigo. A 2017 aka bari aka rufe Rough, babbar ma'ajiyar gas ta ƙasar da ke ƙarƙashin teku, gwamnati ta ƙi sa kuɗin gyara. Da Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, ƙasar ba ta da wani abin kirki a ajiye, sai da aka koma aka buɗe wani sashe nata a ƙarshen shekarar. Ƙananan kamfanonin wuta kusan 30 suka rushe tsakanin 2021 da 2022, aka raba asarar a kan takardar kuɗin wutar kowa. Ma'aunin Ofgem, hukumar da ke ƙayyade farashin wuta da gas, na matsakaicin gida yana fam 1,277 a shekara a Oktoban 2021, ya koma 1,971 a Afrilun 2022, kuma da zai kai 3,549 a Oktoba ba don gwamnati ta tsayar da shi a 2,500 ba. Wannan tallafin bashi aka ci aka yi shi, kuma shi muke biya yanzu ta haraji.

Abin da nake jayayya da gwamnatin Labour a kai shi ne Tekun Arewa. Harajin ribar bazata da Sunak ya fara a 25 cikin 100 a 2022, ya koma 35, su kuma suka kai shi 38, jimillar harajin kamfanonin ta kai 78 cikin 100, kuma suka ce ba sabon lasisin haƙo. A nan Aberdeen ina ganin mutane suna tattara iyali suna tafiya Norway da ƙasashen Larabawa. Gas ɗin kuma ba mu daina ƙonawa ba, sayowa muke daga Norway da Amurka da Qatar.

Dakta_Maryam_Sheffield:
Injiniya, da girmamawa, ka faɗi gefe ɗaya. Gas ɗin da ake haƙowa a Tekun Arewa ba na gwamnati ba ne, kamfanoni ne ke sayarwa a farashin kasuwar duniya. Ko an ba da lasisi ɗari, takardar Ummu Hanan ba za ta sauko ba. Kuma rijiyoyin sun tsufa, tun wajen 2000 abin da ake samu yake raguwa. Me ya sa ba ka ambaci cewa Firaminista David Cameron ya toshe kafa injinan iska a doron ƙasa a Ingila tun 2015 ba, don kada 'yan ƙauyen da ke zaɓensu su yi fushi? Shekara tara aka yi asara, sai a Yulin 2024 aka ɗage. Shi ne kuma ya rage kuɗin shirin toshe kafofin sanyi a gidaje. Da an ci gaba da wannan aikin, da bangon ɗakin yaran baiwar Allah nan bai yi fumfuna haka ba.

Injiniya_Aberdeen:
Dakta, maganar farashi gaskiyarki ce, ban ce zai sauko ba. Ni aikin yi da harajin da ƙasa ke samu nake magana. An kawo hedikwatar kamfanin makamashi na gwamnati, Great British Energy, nan garin, muna jira mu ga ayyukan da za ta kawo. A kan Cameron kuwa ba mu da saɓani.

Damagaram_Landan:
Ku kuna maganar iska da gas, ni abin da ke ba ni mamaki nukiliya ce. Tashar Hinkley Point C kamfanin Faransa EDF ke gina musu. An amince da ita a 2016 a kan fam biliyan 18, yanzu ana maganar sama da 30, kuma ba za ta ba da kuran, wato lantarki, ba sai wajen 2030. Mu da muka tashi muna jin labarin yuraniyom ɗin Arlit da ake kaiwa Faransa mun san dalilin da ya sa su can kuran ɗinsu bai dogara da gas ba. Ingila kuwa ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe a Satumbar 2024 tun sabuwar ba ta tashi ba.

Hajjo_Bradford:
Ni dai tambayata, wannan ma'aunin na Ofgem da kuke faɗa, na ji an ce a ƙarshen 2025 wajen fam 1,750 ne. To ni na lissafa na fi 2,300 a shekara. Cutata ake yi?

Bakano_Luton:
Ba cuta ba ce, Anti. Mutane da yawa suna wannan kuskuren. Ba jimillar kuɗinki aka ƙayyade ba, farashin kowane ma'auni na wuta da gas aka ƙayyade. Adadin da ake faɗa a labarai misali ne na matsakaicin gida. Mu kuwa ga yara, ga girki sau uku, tuwo da miyar kuka ba sa dahuwa a minti goma, ga baƙi ƙarshen mako. Sannan akwai kuɗin tsaye na kullum, ko kin kashe komai kin tafi gida hutu sai an caje ki, idan aka haɗa na wuta da na gas ya kusa fam ɗaya a rana.

Sarkin_Yaki_Hull:
Allah sarki. A gida babu wutar, a nan ga ta amma kana tsoron kunnawa. Ranar da na fara ganin mitar nan mai nuna kuɗi tana gudu lokacin da matata ta kunna tanda, sai da na tuna yadda muke auna man janareta a Kaduna. Kuma mutanen gida suna lissafa fam da naira suna ganin muna kwance kan kuɗi.

MaiGini_Salford:
Duk kun yi magana mai kyau, amma kun bar tushen. Ko kuɗin ruwa ya koma sifili gobe, haya ba za ta sauko ba, saboda gidajen ba su isa ba. Mai gidan Ummu Hanan ya iya ƙara 180 ne domin ya san idan ta fita mutum goma na layi. Shekara takwas ina aikin lissafin kayan gini a kamfanoni a nan, bari in gaya muku abin da nake gani.

Tun dokar tsara birane ta 1947, mallakar fili ba ta ba ka ikon gini, sai kansul, wato ƙaramar hukuma, ta ba da izini. Kansilolin da ke zaman yanke hukunci kuwa zaɓaɓɓu ne, masu zaɓensu su ne waɗanda suka riga suka mallaki gida kuma ba sa son a yi gini kusa da su. Na halarci wani zama a wani ƙaramin gari, aikin gida 140 ne a wata tsohuwar gona. Zauren ya cika da dattawa, kowa da takarda a hannu, wannan ya ce hanya za ta cushe, wancan ya ce asibitin unguwa ya cika, wata ta kawo hoton jemagu ta ce a nan suke kwana. Ma'aikatan kansul sun ba da shawarar a amince, kansiloli suka ƙi. Muka ɗaukaka ƙara muka ci, amma shekara biyu ta tafi, farashin bulo da katako ya tashi, aka rage adadin gidaje masu rahusa a cikin aikin don lissafi ya fita. Waɗanda za su zauna a gidajen ba ko ɗaya a zauren, don ba su san ma ana yi ba.

'Yan Conservative sun yi alkawarin gida 300,000 a shekara, ba su taɓa kaiwa ba. A Disambar 2022 'yan majalisarsu suka yi bore, ministan gidaje Michael Gove ya mayar da adadin da aka ɗora wa kowace kansul ya zama shawara kawai. Nan take wasu kansul suka ajiye tsare-tsarensu. Labour ta zo a Yulin 2024 da alkawarin gida miliyan 1.5 a Ingila cikin shekara biyar, ta dawo da adadin dole, ta ce za a buɗe wasu sassa na filayen da aka hana gini a kewayen birane, irin tsofaffin gidajen mai da wuraren ajiye motoci. A takarda ya yi kyau. Amma a shekarar 2023 zuwa 2024 abin da aka samu bai wuce 220,000 da 'yan kai ba, kuma a wurin aiki ban ga alamar za a yi tsallen da ake buƙata ba.

Bakatsine_Leeds:
To ai ku kamfanonin ne kuke riƙe filaye kuna jira farashi ya hau. Kada ka ɗora wa dattawa da jemagu duka.

MaiGini_Salford:
Akwai wannan, ba zan ɓoye ba. Kamfani ba ya gina gida 500 ya zuba su kasuwa rana ɗaya, yana sakin su ne daidai yadda za a saya ba tare da farashi ya faɗi ba. Shirin Help to Buy da Osborne ya kawo a 2013 ma manyan kamfanoni ne suka fi cin moriyarsa, don ya ƙara wa masu saye kuɗi a hannu alhali gidajen ba su ƙaru daidai da haka ba. Shi ya sa nake cewa kasuwa kaɗai ba za ta yi ba.

Ga kuma ma'aikata. Kafin ficewa daga Tarayyar Turai, rabin masu ɗora bulo da masu filasta a wurin da na fara aiki 'yan Poland da Romaniya ne. Da yawa sun koma, Turawan nan masu sana'ar kuma suna tsufa. Sai dogayen benaye: bayan gobarar Grenfell ta 14 ga Yunin 2017 da ta kashe mutum 72, aka yi dokar 2022, duk ginin da ya kai mita 18 ko hawa bakwai sai sabuwar hukumar kula da lafiyar gini ta sa hannu. Dokar ta zama dole, wanda ya ga abin da ya faru ba zai yi musu ba. Amma an kafa hukumar ba a ba ta isassun ma'aikata ba, abin da aka ce mako 12 sai ya ɗauki wata tara ko fiye. Landan ta fi kowa jin jiki, sabbin ayyuka sun kusa tsayawa cik.

Baba_Alhaji_Birmingham:
'Ya'yana, ni na zo ƙasar nan karatu a 1978 kuma na ga abin da idona. A lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane a gidan kansul suke. Direban bas da ma'aikaciyar jinya suna samun gida mai lambu, haya daidai ƙarfinsu. Margaret Thatcher ta kawo dokar 1980 da ta ba mai haya damar sayen gidan da rangwame mai yawa. Makwabtana sun saya, sun yi murna, ni ma na taya su. Kuskuren shi ne an hana kansul amfani da mafi yawan kuɗin su gina wasu. An sayar da kusan miliyan biyu. Yau a layin da na zauna, gidajen nan da yawa suna hannun masu ba da haya, kuma kansul ɗin tana biyan kuɗi mai yawa tana ajiye iyalai a otal da masauki na wucin gadi. Scotland ta soke dokar a 2016, Wales a 2019. Tony Blair da Gordon Brown sun yi shekara 13 ba su gina na kansul ba sai ƙalilan, don haka ban ware jam'iyya ɗaya ba. Kansul ɗinmu ta Birmingham ma a Satumbar 2023 ta ce ba ta iya biyan buƙatunta, aka ƙara mana harajin gida, aka rage ayyuka.

Dakta_Maryam_Sheffield:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan tarihin ba a gaya wa sababbin zuwa.

Gaskiya_Daya:
Zan faɗi abin da kowa ke kauce wa. Mu ma muna cikin dalilin. A shekara ɗaya, zuwa tsakiyar 2023, waɗanda suka shigo sun fi waɗanda suka fita da sama da mutum 800,000. Ina za su kwana? Idan Bature ya ce baƙi sun sa haya ta hau, ba duka ne ƙiyayya ba. Shi ya sa Nigel Farage ke samun magoya baya, ita ma Kemi Badenoch da ta tashi a Legas maganar da take yi ke nan.

Ummu_Hanan_Coventry:
Malam Gaskiya, ban ƙi lissafinka ba, amma su suka buɗe bizar kula da tsofaffi a 2022 saboda ba su da masu yi. Ni da hannuna nake wanke iyayensu, ina juya su a gado da dare. Bizata ta hana ni duk wani tallafin gwamnati, gidan kansul ko a mafarki. Haraji kuwa ana cira tun albashi bai iso hannuna ba, ga kuɗin sabunta biza na mutum huɗu.

Akanta_Zazzau:
Duka biyun gaskiya ne. Yawan shigowa ya matsa wa haya, musamman a garuruwan jami'o'i. Amma gwamnatin da ta ba da bizar ita ce ta sassauta adadin gini a shekarar. Ma'aikatar cikin gida na buɗe ƙofa, ma'aikatar gidaje na rufe tata. Tun Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris aka hana masu aikin kula, shigowa ta ragu sosai, amma ban ga wanda aka rage wa haya ba.

Nana_Leicester:
Ummu Hanan, ke ma an rage muku awanni? Mu tun Afrilun 2025 da aka ƙara wa masu ɗaukar aiki kuɗin inshorar ƙasa daga 13.8 zuwa 15 cikin 100, wurin aikinmu suka daina ba da ƙarin lokaci. Da ina samun kwana biyar har da Asabar, yanzu huɗu. An ce ba a ƙara wa ma'aikaci haraji ba, amma a aljihuna ya ƙare.

Abu_Sumayya:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Duk wannan magana ta kuɗin ruwa, mu da muke gudun riba fa? Na ji ana cewa akwai bankunan Musulunci. Su ma abin ya shafe su?

Malam_Na_Manchester:
Akwai su, irin Al Rayan da Gatehouse. Tsarin shi ne ku sayi gidan tare da banki, kana biyan haya a kan kasonsu kana kuma sayen kason a hankali har ya zama naka. Malamai da yawa sun halatta, wasu suna da ja a kan wasu sharuɗɗan, sai mutum ya karanta yarjejeniyar ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma ka sani hayar da suke sawa tana bin yanayin kasuwa, idan Babban Banki ya ƙara su ma sabon tayinsu yana hawa. Ba wanda ya tsira daga abin da aka yi a 2022.

Bakano_Luton:
Kuma mai shirin sayen gidan farko ya lura, tun Afrilun 2025 rangwamen harajin sayen gida ya sauko daga fam 425,000 zuwa 300,000. A Coventry ba zai dame ka ba, a kewayen Landan zai dame ka. Harajin nan ne ma ya ci kujerar Angela Rayner a Satumbar 2025, ita da ke riƙe da ma'aikatar gidajen, aka ba Steve Reed.

Lauya_Fati:
Mu dawo kan Ummu Hanan, don an yi nisa. 'Yar uwa, ko dalilinsa gaskiya ne ko ba gaskiya ba, doka ba ta duba bashinsa, tana duba abin da irin gidan yake a unguwar. Duba wasiƙar da kyau. A dokar kafin Mayun 2026, idan yarjejeniyarku ta koma wata-wata kuma babu sharaɗin ƙari a cikinta, sai ya ba ki takardar hukuma ta sashe na 13 da sanarwar aƙalla wata guda, wasiƙar hannu ba ta isa ba sai in kin amince. Kina da damar kai ƙara kotun haya kafin ranar da sabon kuɗin zai fara. Amma ki yi hattara da abu biyu: a tsarin kafin Mayun 2026 kotun na iya sa abin da ya fi nasa idan ta ga kasuwa ta fi haka, kuma yana iya ba ki takardar tashi ta sashe na 21 ba tare da dalili ba. Theresa May ta yi alkawarin soke wannan sashe tun 2019, aka yi ta jan ƙafa, sai a Oktoban 2025 sabuwar dokar masu haya ta samu sa hannun Sarki, kuma aka sa Mayun 2026 lokacin fara aikinta. Kafin nan tsohuwar doka ce.

Fumfunar kuwa kada ki yi wasa da ita. Ki ɗauki hoto da kwanan wata, ki rubuta masa a rubuce, idan bai gyara ba ki kira sashen lafiyar muhalli na kansul. Yaron nan Awaab ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, fumfuna ce ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020, har aka yi doka da sunansa. Ta fara aiki a gidajen kansul da na ƙungiyoyin gidaje, masu zaman kansu sai nan gaba. Ki janye kabad ɗin daga bango yau ɗin nan.

Bakatsine_Leeds:
Kuma ina nan kan bakana, ki ce ya nuna miki takardar bankin.

Akanta_Zazzau:
Ba dole ba ne ya nuna, Malam. Gara ta duba nawa ake ba da irin gidan a layinsu, ta je masa da wannan. Mai haya da ke biya kan lokaci shekara uku tana da daraja a wurinsa, wata ɗaya da gidan zai zauna babu kowa ya cinye masa ƙarin wata shida.

Ummu_Hanan_Coventry:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba, wasiƙar hannu ce, ba takardar da Lauya Fati ta faɗa ba. Na kuma duba intanet, irin gidanmu a unguwar yana tsakanin 1,050 da 1,150, don haka kotu ba za ta taimake mu ba. Baban Hanan ya kira shi da yamma, sun tsaya a kan 1,030 daga Janairu, kuma zai turo mai gyara ya duba bangon ranar Talata ya sa fankar fitar da danshi a banɗaki. Mun janye kabad ɗin, abin da ke bayansa ya fi yadda na zata, yaran sun koma ɗakinmu tukuna.

MaiGini_Salford:
Madalla. Idan mai gyaran ya zo kada ki yarda ya shafa fenti kawai ya tafi. Ki ce ya duba magudanar ruwan rufi da bangon ta waje, a irin gidajen jan bulo na Coventry sau da yawa daga nan ruwan ke shiga. Ki turo hoton bangon ta waje a nan in gani kafin Talatar.